Manhajar Tana Ɓangaren Baba

Shafi na 23

Bari in fara da wani ƙaramin aibina, tunda masu sharhi a ƙasan shafin jiya sun riga sun faɗe shi da kalmomin da suka fi nawa kaifi. Bakina ba ya iya furta "ban iya ba". Na sha gwadawa. Sai in kai "ban", sauran ya maƙale a maƙogwaro, in ƙarasa da "ban da lokaci".

Masu cika min akwatin saƙo da "Baba ci gaba" da "Baba ka bar mu a rataye", to ku sauko, ga shi nan.

Wanda kuma yau ya fara shigowa, ga inda muka tsaya. 'Yata ta fari, wadda muke kira Injiniya tun tana jera gwangwanayen madara tana cewa bene ne, tana ajin ƙarshe a karatun zanen gine-gine. A ranar da nake ba ku labari, da la'asar makarantarsu ke rufe karɓar aikin kammalawa. Wanda bai tura ba, sai baɗi. Laftof ɗinta kuwa duk ranakun duniya ba ta ga ranar mutuwa ba sai wannan safiyar. Aikin yana cikin filas, ɗan ma'ajin nan da ake cusa wa kwamfuta, saura gyara ɗaya tak: matakalar bene da malaminta ya ce a sake. Ranar hutu ce, makaranta a rufe. Ƙawayenta kowace ta rungume tata laftof kamar jinjiri mai zazzaɓi. Abin da ya rage shi ne kwamfutar falo, wadda ƙanena ya saka wa manhajar zane kwanakin baya saboda irin wannan rana.

Kwamfutar ta gida ce, kowa da ɓangarensa da lambar sirrinsa: nawa, na Injiniya, na ƙannenta da suka tafi gidan kakarsu, da na matata, wadda nake kira Hukuma idan ba ta kusa. Ni ne babba a cikin kwamfutar, kamar yadda nake babba a gidan, wato a rubuce.

Injiniya ta buɗe ɓangarenta a tsaye, a sunkuye, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, ba na ganin manhajar."

Kafin hannunta ya kai kan linzamin kwamfutar na riga ta hawa kujerar. Ban san akwai sauran irin wannan saurin a gwiwoyina ba.

"Ba za ki gan ta ba. A ɓangarena take. Ranar da Baffanki yake sakawa, kwamfutar ta tambaya, don kowa ko don mutum ɗaya. Na ce masa don ni kaɗai."

"Don me?"

"Tsaro."

"Tsaron me? Matsa dai in duba ko..."

"Na ce miki da bakina na faɗa masa."

"To shiga naka in yi a can. Ba zan daɗe ba."

Na ƙara gyara zama a kan kujerar.

Hukuma ta leƙo daga kicin, hannuwanta na ɗigar ruwa. Malamar firamare ce. Tun daga yadda yaro ya ajiye jaka take gane bai yi aikin gida ba, kuma ba ta barin wannan baiwar a makaranta, da ita take dawowa gida.

"Me ake jira?"

"Mama, Baba ya ƙi buɗe ɓangarensa."

"Ban ƙi ba," na ce. "Tsari nake bi. Idan yau an shiga nawa, gobe a shiga naki, jibi yaran nan su goge miki sakamakon jarrabawar ajinki. Kowa da ɗakinsa."

"Nawa ai a buɗe yake," in ji ta. "Lambar sirrina sunanka ne. Shi ya sa ba wanda ya taɓa kawo shi a ransa."

Na yi kamar ban ji ba, na juya wurin Injiniya.

"Bari in sauke miki sabuwa a naki ɓangaren. Mene ne a ciki?"

Injiniya ta sunkuyo ta kan kafaɗata ta nemo wurin, na danna da ƙarfi kamar mai buga hatimi. Wani siririn layi ya bayyana ya fara tafiya, irin tafiyar yaron da aka aika gidan da ake dukan sa. Muka zuba masa ido mu uku. Fankar sama tana ta ƙara. Layin ya matsa kamar faɗin farce, ya tsaya ya huta.

"Me ya rubuta a ƙasa?" in ji Hukuma.

"Ya ce zai gama gobe," in ji Injiniya.

"Kira Baffanki," in ji Hukuma.

Ta kira. Ba ta shiga. Ƙanena yana kan hanya a doguwar mota, a irin wuraren da waya ke zama abin ado. Ta sake kira. Ta fita baranda ta ɗaga wayar sama, ta dawo, ta zagaya teburin, ta sake fita. Ni ma na tashi, na tuna kujerar, na koma na zauna da sauri.

Sai wata dabara ta faɗo min, irin dabarun da ke faɗo wa mutumin da ruwa ya kai masa wuya.

Ku tuna sana'ata. Kusan shekara talatin ina zanen gini a wani ofis, da hannu: allon zane, doguwar rula mai kai, fensir, alƙalamin tawada mai bakin allura. Kuma tun ranar da Injiniya ta fara karatun nan nake kiran aikinta zanen malalata. A kan abinci na faɗa, a gaban baƙi na faɗa. Na ce duk layin da hannu bai ji nauyinsa ba, ba layi ba ne. Na ce manhajar nan ko da sanda aka biyo ni ba zan kusance ta ba.

"Maman Injiniya, miƙo min allona na gida a bayan ƙofa."

"Ka yi me da shi?"

"Matakala ce fa kawai. Na zana matakalar da ta fi gashin kanta yawa. In zana mata da hannu, ta ɗauki hoto ta tura."

"Baba, ba a karɓar hoto."

"Hoto mai kyau."

"Baba!"

"In sa inuwa a gefe, malamin ma sai ya tambayi wanda ya yi."

"Shi ne abin da nake tsoro!"

Ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar tebur, filas ɗin a dunƙule cikin hannunta. Ranar da ke shigowa ta taga, wadda ɗazu take bakin ƙofa, yanzu ta kai tsakiyar ledar falo. Hukuma ta dubi ranar, ta dube ni.

Na share gumi da gefen hula.

"To mu yi haka. Ba ni filas ɗin. Ku fita baranda ku ja ƙofa. Ni zan shiga ɓangarena, ki riƙa faɗa min ta taga abin da za a gyara."

Injiniya ta ɗago.

"Kai, Baba?"

"Wani abin wuya ne? Ki dai faɗa min a wace leya matakalar take, in kashe sauran, in kulle ta bango don kada ta motsa."

Ko fankar sai da na ji kamar ta rage murya don ta saurara.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba: leya ita ce yadda manhajar ke jera zane hawa-hawa, bango daban, bututu daban, kamar takardu masu shara-shara da aka ɗora kan juna. Wanda bai taɓa buɗe manhajar ba ba shi da inda zai san ana kulle ta.

"Baba," in ji Injiniya a hankali, "wa ya koya maka kulle leya?"

"A rediyo na ji."

"A wane shiri?"

"Na... manoma."

Hukuma ta goge hannuwanta a jikin zane, ta jawo kujerar roba, ta zauna dab da ni, gwiwa da gwiwa. Duk wanda ya yi ajinta ya san wannan zaman.

"Baban Injiniya, dube ni."

Na dubi kunnenta.

"Ni ban ce mace ce ba. Da mace ce da tuni na ga alama, da ka fara goge takalmi. Abin da nake tsoro caca, ko mutanen nan masu cewa ka ci kyautar mota. In shi ne, faɗa min yanzu, mu yi faɗan da daddare bayan yarinyar nan ta tura aikinta."

"Ba caca ba ce."

"To mene ne?"

"Sirrin ofis."

"Ofishin da ko makullin banɗaki ba su ba ka ba?"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce.

Sai Injiniya ta matso a kan gwiwoyinta, ta ɗora hannu a kan hannun kujerata. Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da na san yadda zan yi da ita.

"Baba, ko mene ne a ciki, ba zan kalla ba. Wallahi ba zan kalla ba. Ka buɗe min manhajar kawai, ka rufe sauran da hannunka. Shekara biyar, Baba. Kai kake kai ni tasha da asuba. Kada ka sa in sake shekara saboda matakala."

Ku da kuke rubuta min cewa ni dutse ne, ku zo ku ga dutse yana neman harafi a kibod. Sau biyu ina kuskure lambar sirrin tawa. A na uku ta buɗe.

Ban san yadda ake ajiye aiki a wani wuri ba, don haka duk abin da na yi yana nan a fuskar allon, a baje, kamar kayan da aka shanya. Babu hannun da zai rufe su. Ƙananan hotunan zane, layi bayan layi, kowanne da sunansa a ƙasa.

Injiniya ta yi alkawarin ba za ta kalla ba. Hukuma ba ta yi wa kowa alkawari ba. Ta gyara tabarau ta fara karantawa da muryar kiran suna a aji.

"Gwaji. Gwaji na biyu. Gwaji na gaske. Na ƙarshe. Na ƙarshe na gaske. Na ƙarshe wallahi." Ta dakata. "Wannan kuma, Allah ya isa."

"Wannan ranar wuta ce ta ɗauke," na ce.

Injiniya ta riga ta karya alkawari. Ta miƙe, ta kusanto da fuskarta.

"Wannan ai aikinmu ne na ajin farko. Ɗaki ɗaya da baranda. Baba, ina ka samo shi?"

"A kwalinki da ke saman durowa."

"Shi ya sa kwalin nan kullum yake sauya zama," in ji Hukuma. "Na ɗauka ɓera ne. Har magani na sa."

"Na gani. Na tsallake."

"Baba, ina ƙofar ɗakin?"

"Ba mu kai nan ba tukuna."

"To mutum ta ina zai shiga?"

"Wanda ke ciki ya yi zamansa. Na waje ya yi haƙuri."

Ta sa hannu ta toshe baki. Ban gane dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta gane ba.

Tunda rufin ya riga ya yaye, sai na ƙarasa. Na ce musu an kawo mana sabon shugaba a ofis, yaron da na tabbata na girmi babansa. Ranar da ya fara zagaye ya tsaya a gaban allona, ya shafa shi da ladabi, irin shafar da ake yi wa akwatin kaka. Ya kira ni Baba, ya tambayi lafiyar iyali. Sannan ya ce daga ƙarshen shekara ofis ba zai ƙara fitar da zanen hannu ba. Wanda ya iya kwamfuta ya zauna a ɗakin zane, wanda bai iya ba a mai da shi sito, ya riƙa ba masu iyawa takarda. Da mu shida ne masu allo a ɗakin nan. Yanzu allona ne kaɗai a tsaye, har yaran ofis suna rataya jakunkunansu a jikinsa.

"Ciwon kan nan da kake dawowa da shi da rana..." in ji Hukuma.

"Kafin ki taso daga makaranta nake ɗan taɓawa."

"Ni kuma ina ta dafa maka ganye."

"Yana taimakawa."

Injiniya ba ta ɗauke ido daga ɗakin nan marar ƙofa ba.

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba, Baba? A yini ɗaya zan nuna maka ƙofa."

"Bayan shekara biyar ina kiran aikinki zanen malalata? Da wane bakin?"

"Da wanda ka faɗa da shi," in ji Hukuma. "Ai bai lalace ba."

Wayar Injiniya ta yi ƙara a kan tebur. Dukanmu muka zabura. Ta danna ta a bayyane, ƙarar injin mota da kukan jariri suka cika falon.

"Injiniya, lafiya? Na ga kira kamar gida ya kama da wuta."

"Baffa, laftof ɗina ta mutu, kuma manhajar da ka saka a ɓangaren Baba kaɗai take, shi ne..."

"Wa ya ce? Don kowa na saka ta."

Na sunkuya kan wayar.

"Kai! Ba ni na ce maka don ni kaɗai ba?"

"Au, Yaya, kana nan? Ka ce, na ce to. Tun yaushe nake bin maganarka a kan kwamfuta? Hotonta ne kawai ban ɗora a fuskar kowane ɓangare ba. Ta rubuta sunanta a wurin nema, a nata ɓangaren, za ta fito. Ko a na yara ma tana nan."

Jama'a, ku tsaya ku ji wannan da kyau. Da na bar yarinyar nan ta taɓa linzami da safe, da yanzu ta gama, da ina nan da mutuncina a ninke cikin aljihu. Ba wanda ya tone ni. Ni na hau kujera, na tara iyalina, na tone kaina har da kwatance.

Hukuma ta jingina da bango tana dariya har tabarau ɗinta ya zame. Injiniya ma ta fashe, hawaye na zuba. Ni ma na ɗan yi, don kada a ce ban da wasa.

"Tashi, Baba, tashi! Nan ma ya yi, tunda a buɗe yake."

Na tashi. Ta faɗa kan kujerar, ta cusa filas. Rana ta kai ƙafar tebur, amma da sauran lokaci. Har na fara tunanin yadda zan tsaya a bayanta in ga yadda ake yin ƙofa ba tare da na tambaya ba.

"Sai dai abu ɗaya," in ji ƙanena, muryarsa na yankewa. "Ta gwaji ce fa. Wata ɗaya take bayarwa, daga ranar da aka fara buɗe ta. Kuma ba ruwanta da ɓangaren wane ko wance, kwamfutar gaba ɗaya take ƙirga wa. Shi ya sa na saka na bar ta a rufe, ta jira ki. In ta ƙare sai na zauna a kanta da kaina, ni kuma sai gobe zan iso."

Dariyar Hukuma ta tsaya a tsakiya.

"Ban ma ja wa kowa kunne ba," ya ci gaba, "don na san gidan nan ba mai taɓa ta. Yaya dai ko da sanda aka biyo shi... Ba wanda ya buɗe ta dai ko? Injiniya? Kuna ji na?"

Layin ya yanke.

Injiniya ta danna hoton manhajar sau biyu. Allon ya yi fari, sannan wani ɗan akwati ya fito a tsakiya.

Sai na ji sanyi a raina, don na san shi. Tsohon abokina ne. Kullum na buɗe sai ya fito, da lamba babba a tsakiya da wasu ƙananan rubutu a ƙasa, masu kama da sahun tururuwa. Ni kuma ba na sa tabarau a gaban kwamfuta, don kada ta raina ni. Abin da na lura da shi kawai shi ne lambar kullum raguwa take. Tun makon farko na gane kurakuraina take ƙirgawa. Ranar da ta sauko ƙasa da goma har nama na sayo wa gida, ban faɗi dalili ba.

"Kada ki damu da wannan," na ce, har da ɗan tura ƙirji gaba. "Makina ne. Kurakurai yake ƙirgawa. Da yawa na fara, amma dubi inda na kawo shi. Danna can sama ya tafi."

Ba ta danna ba. Hannunta yana kan linzamin, bai motsa ba.

"Baba," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Ba kurakurai yake ƙirgawa ba. Kwanaki ne."

Hukuma ta cire tabarau ɗinta ta miƙo min. Na saka, na sunkuya.

Sifili ne a cikin akwatin.